Ranar da Maryamu Ta Sauka a Gidan Hajiya

Nima, Akra
Ƙarshen watan Satumba

Zuwa ga Innata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar? Yaya damina, dawa ta fid da kai? Ki gaida mini Goggo Asabe da duk mutanen Unguwar Tsamiya. Malam Katikis, kai da za ka karanta mata hoton takardar nan daga wayarka, na gaishe ka, kuma don Allah ka matsa ta wajen kunnenta na dama ka ɗaga murya. Na gaji da ihu a waya, maƙwabta su ji sirrina kaf, ita ba ta ji komai ba.

Inna, an ce kin yi kuka da kika tabbata ba zan iya zuwa gida haihuwa ba, ke kuma ƙafa ba za ta bar ki ki zo ba. Ni ma na yi nawa kukan. Haihuwar fari ce, kuma kin san yadda wancan cikin ya ƙare, ba sai na tuna miki ba. Surukinki kullum yana kan hanya, daga Tema zuwa Yamai, daga Yamai zuwa Tema, babbar motar nan ta fi ni ganinsa. Amma ki share hawayenki, labari mai daɗi na kawo miki.

Mai gidan da muke haya, Hajiya Mulikatu, tsohuwa ce da za ta yi sa'ar Goggo Asabe. A nan Nima aka haife ta. Idonta ya yi yana, da rana tana ganin mutum dishi-dishi, idan rana ta faɗi kuwa sai dai ta gane ka da murya. Amma kunne! Ko juyi na yi a kan katifa tana sani. Ranar da saƙonki ya iso ta ji ina jan hanci a bakin famfo, ta tsare ni sai da na faɗa mata. Ta ce, “Kai yarinya, bar kuka. Inna naka yana nesa, ni ina nan. Ni zan kai ka asibiti, ni zan yi maka wanka.” Kada ki yi dariya, haka Hausar 'yan Zango, Hausawan nan Akra, take, mace da namiji kowa “kai” ne.

Tun ranar ban huta ba. Ta hana ni ɗaukar tukunyar koko zuwa bakin titi inda nake sayarwa, sai Muniratu, maƙwabciyata ta ɗakin kusa, take kama mini. Ta hana ni tsugunno mai tsawo a gaban kaskon ƙosai. Kullum da yamma sai kwanon tuwo ya zo daga ɗakinta, kuma sai ta laluba kwanon da hannu ta tabbata na cinye. Wallahi faɗanta ya fi naki, Inna, amma daɗinsa nake ji.

Ga labari na biyu. A cocinmu na nan, idan Oktoba ta kama, watan Rosari, addu'ar carbin nan tamu, zumuntar mata sukan ɗauki siffar Uwarmu Maryamu su riƙa zagayawa da ita gida gida. Ta kwana a gidan wannan, washegari da yamma a rako ta gidan wancan da waƙa, a yi Rosari tare. Shugabarmu, Mama Sisiliya, wata tsohuwa 'yar arewacin Gana mai murya kamar ta mutum uku, ta ce bana sai ta sauka a wurina. Wai Uwar da ta haura duwatsu ta je taimakon Alisabatu mai ciki ba za ta wuce ƙofar mai ciki ba.

Da farko na ji tsoro, don ni da surukinki kaɗai ne Kirista a gidan nan, ɗakina kuma ko mutum biyar ba zai ɗauka ba, dole sai tsakar gida. Na je na durƙusa na nemi izinin Hajiya. Ta ce Nana Maryam ba baƙuwa ba ce a wurinsu, sai dai su ba sa yin siffa. Ta ce mu yi addu'armu a gefe guda, ban da ganga, ita ba ruwanta.

Na tuna yadda kika koya mini Rosari a kan tabarma, kina ja mini kunne idan na yi gyangyaɗi. Kika ce ba sujada muke yi mata ba, kama ƙafa muke yi da ita wajen Ɗanta, kamar yadda ta yi magana a bikin Kana ruwan inabi ya samu. To ga shi ban ma gama roƙo ba, ta riga ta sama mini uwa a Akra. Ki taya ni godiya.

Ki riƙa shafa man nan a ƙafar, kada ki ba Goggo ta ƙarar. Allah ya bar mini ke.

Taki har kullum,
Taresa Lami

Nima, Akra
Tsakiyar watan Oktoba

Innata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta mutanen gida, ina sanar da ke ni da abin da ke cikina muna lafiya, yana ta harbi kamar ɗan jaki. Wannan kam na gode wa Allah. Amma zuciyata ba lafiya. Malam Katikis, ka karanta duka, kada ka tsallake don ka rage mata damuwa.

Ranar Talata aka kawo Uwarmu. Tun la'asar nake bayan ɗaki ina suyar ƙosan baƙi. Mama Sisiliya da matan zumunta suka shigo suka duba tsakar gidan, suna neman inda ya dace. Kin san gidajen Nima, ko'ina bokiti ne da igiyar shanya da murhu. Wuri guda ne kawai yake fes, jikin wani bango mai farin fenti, an share shi tas, ko takalmi babu. Suka ce ai nan ne ya cancanci Uwa. Suka jingina ɗan tebur da bangon, suka shimfiɗa farin ƙyalle, suka ɗora siffar.

Inna, wurin nan ba banza yake da tsabta ba. Bangon gabas ne, nan Hajiya take salla tun rasuwar mijinta. Na sani sarai, kullum ina ganinta. Na fito na ga teburin da idona, amma farin ciki ya rufe mini kai, na ce kai, ya yi kyau.

Daga nan aka ce Fada, limamin cocinmu, ya iso bakin titi. Mota ba ta shiga lungunanmu, baƙo kuma idan ya shiga shi kaɗai sai an nemo shi. Muka ɗunguma gaba ɗaya muka tafi tarbarsa, ni ina baya ina jan ciki. Ba mu kunna kyandir ba, muka ce sai ya zo. Ga shi an ɗauke wuta, ga magariba ta kawo kai. Muna bakin titi aka kira salla.

Da muka dawo, ni na fara sa ƙafa a tsakar gida. Hajiya tana kan dardumarta, goshinta a ƙasa, siffar Maryamu tana tsaye daidai gabanta. Farin ƙyalle, farar siffa, farin bango, a idon da ba ya gani da yamma. Ba ta san da komai a wurin ba.

Na daskare. Ba a katse wa mutum salla. Kafin in yi wani tunani Mama Sisiliya ta leƙo ta kafaɗata. Baiwar Allah ta ɗauka abin al'ajibi ne ya faru, ta rangaɗa “Alleluya!” da muryar nan tata, ta zube a gwiwa kusa da Hajiya. Wasu suka kama waƙa. Mutanen gida suka fito daga ɗakuna, na maƙwabta suka leƙo ta katanga. Fada yana ta ɗaga hannu a yi shiru, ina, ba mai jinsa.

Hajiya ba ta yanke sallarta ba, sai da ta kai ƙarshe ta yi sallama. Sannan ta miƙa hannu gabanta a hankali. Ta taɓa ƙyallen, ta taɓa ƙafar siffar, ta janye hannun kamar ta taɓa garwashi. Ta naɗe dardumarta ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Da ta zage ni, ko ta ɗauki muciya ta buga mini, da ya fi mini sauƙi.

Fada ya sa aka mai da siffar ɗakina, muka yi Rosari ƙasa-ƙasa, rabinmu a tsaye a bakin ƙofa. Ya je ya yi sallama a ƙofar Hajiya don ya ba da haƙuri, ba a buɗe ba. Ƙosan da na soya haka ya kwana.

Washegari da safe na zauna gaban siffar, ni da ita, kuma ba zan ɓoye miki ba, faɗa na yi mata. Na ce Uwa, na gayyace ki gidana ki sa mini albarka, sai ki raba ni da uwar da kika ba ni? Na san siminti ne da fenti a gabana, kamar yadda hoton Baba da ke ɗakinki takarda ce, amma ai kin san yadda kike yi wa hoton nan mita idan ranki ya ɓaci. Na yi ta magana har na gaji. Sai na ga ba ita ta ajiye tebur ba, mu muka ajiye. Na ɗauki Rosarina na ba ta haƙuri. Da yamma aka zo aka raka ta gida na gaba, babu waƙa sai da aka fita lungu.

Yanzu kwanon tuwo ya daina zuwa. Ba wanda ya ce in tashi daga gidan, ba wanda ya zage ni. Ina gaida Hajiya ta bayan ƙofa safe da yamma, shiru. Muniratu ce kawai take kama mini tukunya har yanzu, Allah ya saka mata. A asibiti sun ce wata mai zuwa ne. Ina kwana ina tashi da tambaya guda, wa zai tsaya a kaina ranar nan?

Ki sa ni a addu'a, ki sa Hajiya ma. Ki gaida kowa.

'Yarki,
Taresa Lami

Nima, Akra
Farkon watan Nuwamba

Inna mai daraja,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata jiki da sauƙi, an kuma fara girbi lafiya. Na ji saƙonki ta bakin Malam Katikis, cewa matan cocinmu na gida suna yi mini Rosari. Ki ce musu na gode, addu'arsu tana isowa. Amma maganar da kika yi ta cewa za ki hau mota ko da rarrafe, don Allah ki bar ta. Kwana da kwanaki ne a hanya, kada in haihu in koma jinyarki.

Bayan takardata ta baya abin ya ƙara lalacewa. Kin san bakin mutane. Kafin mako ya zagayo, labari ya kai kasuwar Nima ya haura unguwar Mamobi. Wasu suka ce Hajiya ta yi wa gunki sujada da saninta. Wasu suka ce ta shiga coci. Har wata mai sayen koko ta tambaye ni, da fuskarta a sake, wai wane suna aka ba Hajiya wajen baftisma. Saura kaɗan in juye mata ludayin a ka.

Muniratu ce ta buɗe mini ido. Ta ce ni ina nan ina lissafin fushin da ake yi da ni, alhali kunya ce take cin tsohuwar. Matar da ta yi aikin hajji, wadda ake kawo wa jarirai ta sa musu albarka, yau ita ce abin nuni. Ta daina zuwa makarantar matan da take zuwa kowace Asabar, ko bakin ƙofar gida ba ta leƙawa. Gaskiyarta, kukan kaina kawai nake yi.

Ranar Juma'a ina Rosari, ina kan asiran baƙin ciki, na zo wajen gicciye. Sau nawa na ja wannan wurin tun ina yarinya, amma ban taɓa tsayawa na dubi Maryamu a nan ba. Ana yi wa Ɗanta ba'a, gari duka ya taru, manyan almajirai sun gudu, ita kuwa ta fito fili ta tsaya inda kowa zai gan ta ya ce ga uwarsa. Na ce to ni da nake kiran kaina 'yarta, ina ɓoye a ɗaki ina jira ta gyara mini, alhali wadda na jawo wa abin kunya tana ɗauke da shi ita kaɗai. Ashe bin Uwarmu ba roƙo kaɗai ba ne, har da yin abin da ta yi.

Na je wurin Mama Sisiliya. Ashe ita ma tun ranar ba ta da sukuni, tana ganina ta fashe da kuka. Ranar Asabar muka yafa mayafi muka nufi makarantar matan. Ga rana, ga ciki, ga tsallaken kwata, sai da muka huta a hanya ya fi a ƙirga. Muka tuɓe takalma muka yi sallama. Mata cike da rumfa, suna kallonmu. Malamarsu, Malama Rahma, ta ce mu shigo.

Na durƙusa na faɗi yadda aka yi tun daga farko. Na ce mu muka ajiye tebur a wurin sallarta ba da saninta ba, an ɗauke wuta, kuma kowa ya san idonta. Na ce wanda zai yi zargi ya zarge ni. Sai Mama Sisiliya ta zube da gwiwoyinta masu ciwo, ta kama bayani da Hausarta, ta zarce yaren Ashanti, ta shiga Turanci, ta dawo Hausa. Ta ce, “Hajiya bai yi komai ba, baki nawa ne ya yi gudu ya bar kai nawa a baya.” Wata ta tuntsire da dariya, sauran suka kama. Sai da mata biyu suka kama ta kafin ta iya miƙewa.

Malama Rahma ta bari aka natsu. Ta ce Allah niyya yake dubawa, kuma wadda ta fuskanci alƙibla don Ubangijinta, ba ta san abin da aka ajiye mata ba, babu laifi a kanta, laifin yana kan harshen da ya yaɗa. Sannan ta faɗi abin da ban sani ba, Inna. Ta ce a karatunsu akwai sura sukutum da sunan Nana Maryam, kuma ita ma mutanenta sun yi mata ƙazafi lokacin da ta zo musu da jariri, ta yi shiru ba ta kare kanta ba, Allah ya wanke ta. Ta ce duk macen da ta san wannan ba za ta ci naman 'yar'uwarta a kan abin da ba ta tabbatar ba. Na ga kawuna suna sunkuyawa. Ni kuwa hawaye nake yi, jin sunan Uwarmu a bakinta da irin wannan girmamawa.

Da aka tashi, matan suka biyo mu har gida. Hajiya ta buɗe musu. Sun daɗe a ciki, har na jiyo dariyarta sau ɗaya. Asabar ɗin da ta biyo baya ta saka farin mayafinta ta tafi makaranta, Muniratu tana riƙe da hannunta. Na leƙa ta taga ina kallonta har ta sha kwana, na ce na gode, Uwa.

Amma ni har yanzu ba ta sake da ni ba. Idan na gaishe ta takan ce “lafiya”, shi ke nan. Maganar asibiti da wanka ba ta sake tayarwa ba, ni ma ba ni da fuskar tunawa. Na haɗa 'yan kayana a jaka. Surukinki ya tafi Yamai jiya, ya ce zai yi sauri, kamar shi ke da iko da bakin iyaka. Ko yaya ta kasance, sunan tsohuwar ya wanku, wannan ma abin godiya ne. Tsoro dai ina ji, ba zan yi miki ƙarya ba.

Ki huta lafiya. A gaida Goggo.

Ni ce taki,
Taresa Lami

Nima, Akra
Ƙarshen watan Nuwamba

Innata, kakar yaro,

Gaisuwa da murna da guɗa! Ina fata kina lafiya, kuma ƙafar ta bar ki kin taka rawa ko kaɗan. Na san an gaya miki a waya cewa namiji ne, lafiyayye, mai hancin gidanku. Amma waya ba ta faɗi yadda aka yi ba. Malam Katikis, ka sha ruwa tukuna, yau da sauran aiki.

Ranar Laraba da hantsi ina wanki a tsakar gida, sai na ji abu ya tsinke, faya ta fashe. Gidan wayam. Muniratu ta tafi kasuwa, maza sun fita aiki, surukinki yana bakin iyaka motarsu tana layi. Ƙofar Hajiya tana rufe, taku kaɗan daga inda nake. Na buɗe baki zan kira ta, kunya ta hana ni. Na rarrafa na kama ƙyauren ɗakina, na zaro Rosari daga wuyana na fara “A gaishe ki Maryamu” da ƙarfi, don in ban yi addu'a ba ihu zan yi. Ciwo yana zuwa ya yanke mini ita a tsakiya, in ya lafa in ɗora daga inda na tsaya.

Na gaya miki kunnen matar nan. Daga baya ta ce ta saba jin addu'ar tawa ta bango har ta san tsawonta, da ta ji tana tsinkewa, tsinkewar kuma tana matsowa kusa kusa, ta san lokaci ya yi. Sai na ji ƙarar sakata. Ta fito da mayafinta a ka, da wata ƙatuwar jaka a hannu. Ta ce, “Kai yarinya, kana so ka haifu a bakin ƙofa? Baki naka ya mutu ne da ba ka kira ni?”

Inna, jakar nan a ɗaure take tun tuni. Tsofaffin zannuwa wankakku, sabulu, kayan yaji, kanwa, har da 'yan riguna da ta sa aka ɗinka. Duk kwanakin nan da ba ta yi mini magana, tana ciki tana haɗa kayan haihuwata.

Da kin gan mu a lungu da kin yi dariya da kuka tare. Tasi ba ta shigowa, dole mu taka zuwa titi. Ni ina gaya mata ga kwata, ga dutse, ita tana tallabe da ni idan ciwo ya taso, tana daka wa masu babur tsawa su kauce. Masu shaguna duk suka fito suna yi mana sannu. Lungun da aka yi ta yawo da sunanta, nan ta ratsa da rana tsaka, kanta a sama, hannunta a ƙuguna.

A asibitin Mamobi ma'aikaciyar ta dube ni da Rosari a hannu, ta dubi Hajiya da carbinta, ta tambaya da yaren Ashanti ko mece ce tsakaninmu, don dangi kawai ake bari su matso. Hajiya ta amsa mata da yaren, a taƙaice, cewa 'yarta ce. Ba ta ƙara ko kalma ba, aka ba ta kujera.

Kafin a shiga da ni ta ɓare dabino ta sa mini a baki. Ta ce Nana Maryam shi ta ci lokacin naƙudarta, don haka suke ba mai haihuwa. Ta dafa kaina tana karatu ƙasa-ƙasa, ina jin sunan Maryam yana fitowa a ciki. Hannuna ɗaya yana kan Rosari, ɗayan yana cikin nata, na matse shi har sai da ta ce zan karya mata yatsu. Kafin la'asar yaro ya faɗo da kukansa. Da aka miƙo shi, ita ta fara karɓa. Ta shafa fuskarsa da yatsunta tun daga goshi har haɓa, ta ce wannan hanci ba na Akra ba ne.

Yanzu muna gida. Kada ki ɗauka ta canja ra'ayi a kan siffa. Ta gaya mini ƙarara cewa Nana Maryam tana da babbar daraja a wurinta, amma farin abin nan kada ya sake kusantar bangonta. Na ce na ji, kuma gaskiyarta. Mama Sisiliya ta zo barka da kaza, suka gaisa, Hajiya ta ce mata ta rage murya kada ta kurmantar da jikanta. Surukinki ya iso ranar Asabar, yana ta washe baki kamar shi ya yi naƙudar. Fada ya sa ranar baftisma a wata mai zuwa. Matan zumunta za su yi Rosari na godiya a coci ranar Lahadi, ku ma ku yi naku a can, don ni na ga abin da Uwarmu ta yi mini. Na roƙe ta ta gyara mini abu cikin sauƙi, ita kuwa ta bi da ni ta inda na fi tsoro, kuma ba ta sake hannuna ba.

Wanka kam ina shan sa, Inna, irin wanda kike so. Safe da yamma ana dafa ruwa da ganyen darbejiya a babbar tukunya, Hajiya da kanta take tsoma ganyen tana fyaɗa mini. Ba ta gani sosai amma ba ta kuskure wuri. Kunun kanwa kuwa har ya fara fita mini ta hanci. Jiya da safe tana cikin yi mini wankan, zuciyata ta cika, na ce bari yau in faɗa mata duk abin da ke raina, haƙurin da godiyar gaba ɗaya. Na fara ke nan, “Hajiya, na gode,” sai ta fyaɗa mini ganye mai zafi a gadon baya. Ta ce in rufe mata baki in juyo, ita tun da take ba ta taɓa jin inda aka gode wa uwa don ta yi wa 'yarta wanka ba.

Na juya mata bayan, na yi kukana a cikin tururi.

Ki gaida Goggo Asabe da matan coci da duk wanda ya tambaye ni. Jikanki yana gaishe ki da hamma. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri, Uwarmu Maryamu ta riƙa yi mana addu'a.

'Yarki mai jego,
Taresa Lami